Ɓarawon Farantan Sola na Mursal

Ruwan farko na shekarar ya sauka cikin dare, bayan makonni da zafi ya hana mutanen Injamena runtsawa. Kowa ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Da safiyar Talata mahautan ƙaramar kasuwar Mursal suka iso da fara'a suna tsallake kududdufai, sai wanda ya fara ɗaga kai ya ga layi guda na farantan sola da ke kan rufin sabon ɗakin sanyinsu babu shi. Ƙarafan da aka ɗaura su a kai ne kawai suka rage.

Ɗakin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. Sun daɗe wutar gari tana yi musu wasa: ta zo da hantsi, ta tafi kafin azahar, wani lokaci a wuni a kwana ba a ga ƙyallinta ba. Nama kuwa ba ya jira. Da gwamnati ta shiga gyaran harkar lantarki aka ce za a gwada sola a wasu kasuwanni, ƙungiyar mahautan ta yi ta kai-kawo har aka sa ta cikin na gwaji. Ranar Alhamis manyan ma'aikatar makamashi za su zo buɗewa, kuma an gaya musu a fili cewa in abin ya yi kyau za a haɗa wa kasuwar gaba ɗaya, in kuwa aka ga ba za su iya riƙe shi ba, a kai wa wata unguwa.

Kafin rana ta yi zafi kasuwa ta riga ta yanke hukunci, sai dai ba a kan mutum ɗaya ba. Wasu suka ce Halliru ne, mai gyaran janareto a unguwar Kilemat, wanda sola ke neman kashe masa sana'a. Wasu suka ce Hajja Shatu ce, wadda ke kawo wa mahautan ƙanƙara daga Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka. Akwai kuma masu magana ƙasa-ƙasa suna satar kallon Khalida, injiniyar da ta haɗa aikin. Ita da kanta ta hau rufin ta sauko ta ce ba a yanke waya ko ɗaya ba. An kwance komai a tsanake, an naɗe bakin wayoyin da leda don kada ruwa ya shiga, an ma tara ƙusoshin cikin gwangwanin tumatir. Gaskiya ta faɗa, amma sai mutane suka fara tambayar juna wa ya iya irin wannan kwancewa in ba wadda ta ɗaura ba.

Alhaji Abdallah, shugaban mahautan, mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka. Har ya sa hula zai tafi komisariya, sai ya tuna cewa duk maganar da ta shiga hannun 'yan sanda za ta kai kunnen ma'aikata kafin Alhamis. Ya cire hular. Ya ce a kira Malam Gado.

Malam Gado tsohon mai bin sawun shanu ne. A ƙuruciyarsa in aka kore wa Bafillace garke a Masaget ko Durbali, shi ake nema, ya bi ƙasa da ido har ya kai mutane bakin turken. Yanzu gwiwoyi sun gaji, ya koma dillancin shanu da shan shayi, amma har yau ba ya tafiya ba tare da kallon ƙasa ba. Aminin marigayi mahaifin Khalida ne, a gabansa ta girma. Ya iso bayan ɗan kilando, wato mai babur na haya, yana riƙe da sanda, yana mita cewa an kira shi bayan rabin Mursal ya gama tattake masa wurin aiki.

Alhaji Abdallah ya ce ya ba shi zuwa magariba. In ba a samu ba, zai kai ƙara, kuma ba zai iya ci gaba da riƙe samarin kasuwa ba, don tun safe suke cewa a je shagon Halliru.

Gado ya kori kowa baya da sandarsa. Ya duba kwaɗon ƙofar harabar, lafiyarsa ƙalau. Ya zaga gaban katanga a hankali, ya tsuguna, ya miƙe da ƙyar, ya sake tsugunawa. A gefen da ƙafafu ba su kai ba ya sami sawun babur mai suɗaɗɗiyar tayar baya, wanda ya zo bayan ruwa ya ɗauke. Mai shi ya sauka ya daɗe a tsaye jikin katanga, don takalmansa sun nutse. Ya sami sawun kurar turawa kuma. Cikin harabar kuwa, kewayen tsanin ƙarfen da ake hawa rufi da shi, wani ya bi da tsintsiya ya share laka tas.

Yana tsaye yana kallon sharar, Shafi'u mai kilishi ya zagayo da butar shayi da ɗan ƙunshin kilishi a takarda. Filinsa na shanya yana manne da katangar baya ta ɗakin sanyin, kuma duk kwanakin da Khalida da ma'aikatanta suka yi suna aiki, shi ke kawo musu abin taɓawa yana zama yana kallonsu. Ba wanda ba ya son Shafi'u a kasuwar. Ya zuba wa Gado shayi, ya girgiza kai ya ce duniya ta lalace. Gado ya yarda da shi, ya sha, ya sa ƙunshin a aljihu.

*

Halliru na ganin Gado da Khalida a bakin shagonsa na Kilemat ya miƙe tsaye har ya ture gwangwanin baƙin mai. Labari ya riga su isowa. Gado bai gaishe shi ba sai da ya gaisa da babur ɗinsa tukuna: ya durƙusa ya shafa tayar baya, ya ɗago yana murmushi.

Halliru bai musa ba. Ya ce ya je wurin bayan sallar asuba. Da Gado ya tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya hau kame-kame, ya ce iska ya je sha, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Gado ya ce daga Kilemat babu hanyar da ke biyowa da mutum ta bayan mahautan Mursal sai in warin tumbi yake so.

Halliru ya dubi Khalida, ya dubi ƙasa. Sai ya shiga ciki ya fito da wani ɗan farantin sola da bai fi faifai ba, da wata na'ura da ta ƙone gefe guda. Ya ce tun da manyan shaguna suka fara sa sola, janareton da ake kawo masa gyara sai raguwa suke yi. Ya sayi wannan don ya koya wa kansa, ya ƙona na'ura biyu. Shi ya sa yake zuwa da sassafe, lokacin da ba kowa, ya leƙa ta kan katanga ya ga yadda aka bi da wayoyi.

"To me ya hana ka tambaye ni, Yaya Halliru?" in ji Khalida.

Ya sosa ƙeya. "Ni na gyara miki kekenki kina 'yar firamare. Da wane baki zan zo in ce ki koya mini aiki?"

Ta karɓi na'urar ta juya ta, ta ce ai ya kusa, batir ake fara haɗawa kafin faranti, shi kuwa da faranti yake farawa. Ta ce tana neman mai hannu irin nasa tun bara, don in aka ba su aikin kasuwa duka, mutanenta ba za su isa ba. Halliru ya rasa inda zai sa kansa, sai ya aika a kawo musu lemo.

Gado ya tambaye shi abin da ya gani da asubar. Ya ce ya ga babu layi guda, amma ya ɗauka Khalida ce ta sa aka sauke saboda iskar hadari. Bai ga kowa ba. Ya dai ji ƙarar tsintsiya daga ciki, ya zaci masu shara ne.

A hanya Gado ya gaya wa Khalida cewa tun a Mursal ya san ba Halliru ba ne, don babur ɗin ya koma da nauyin da ya zo da shi. Ta tambaye shi to me ya sa suka zo. Ya ce mutumin da ya daɗe a tsaye wuri ɗaya ba ya rasa abin da ya ji.

*

Motar haya ta sauke su a Ngeli, bakin iyaka, rana tana tsaka. Bakin gadar Kusiri cike yake da masu dakon kaya da babura, kowa na neman ya riga wani. Suka sami Hajja Shatu ƙarƙashin rumfa, zaune kan buhun ɓuntun shinkafa da take rufe ƙanƙara da shi, tana fifita da murfin kwali. Ba ta bari sun gama sallama ba.

Ta ce ta ji an ce ita ce ɓarauniya, kuma ta gode, don ba ta san har yanzu ana yi mata kallon wadda za ta iya hawa rufi ba. Ta ce lallai kurarta ta je Mursal da asuba kamar kullum, ta je da kaya ta dawo wayam, in Malam Gado bai ga hakan a ƙasa ba to ya je asibitin ido. Gado ya ce ya gani. Ta ce to me ya kawo shi. Ya ce ruwan sanyi.

Ta yi dariya ta ba su. Da ta huce, ta ce ita ta fi mahautan matsuwa a buɗe ɗakin nan. Tun tana da ƙarfinta take jigilar ƙanƙara daga wata ƙasa, ta tsaya layin kwastan rabin kayan na tsiyaya a kan gada, ta iso da ruwa tana sayar da shi da sunan ƙanƙara. Ta riga ta roƙi Alhaji Abdallah ya ba ta lungu guda a ɗakin ta riƙa daskarar da kayanta a Mursal, ya kuma amsa, ko da yake da alama ya manta da safen nan.

"Ku mutanen kasuwa idonku na kan masu sayar muku da abu," ta ce wa Khalida. "Ba mu kaɗai muke cin abinci da ɗauke wutar nan ba, 'yata. Akwai masu saye a hannunku ma."

Khalida ta tambaye ta wa take nufi. Hajja ta ce ba ta nufin kowa, magana ce kawai ta zo bakinta. A cikin mota Gado bai yi gyangyaɗin da ya saba ba.

*

Sun dawo Mursal bayan la'asar. Samari sun taru a bakin kasuwa, wasu da gorori, Alhaji Abdallah na tsakaninsu yana ba su haƙuri da muryar da ta fi tasu zafi. Da Khalida ta wuce aka yi shiru irin wanda ya fi zagi ciwo. Wannan ne babban aikinta na farko tun da ta buɗe ɗan kamfaninta, kuma ta san in sunanta ya ɓaci a nan, babu kasuwar da za ta sake kiranta. Ta shiga harabar ta zauna kan bulo ta sa kai a gwiwa.

Gado ya zauna kusa da ita a inuwar ɗakin, ya jingina da bango daf da tsanin. Ya ce mata kada ta damu, ya san abu ɗaya: babu wani kaya mai nauyi da ya fita ta gaba, ko ta ƙofa ko ta kan katanga. Ta ce to sama suka tashi ke nan. Idonsa na kan tsanin.

Kiyashi ne ke hawa ƙarfen a jere. Da safe babu su, ƙasa na da sanyi ba su fito ba. Gado ya matsa ya ga ba ko'ina suke tsayawa ba. Suna wuce tsakiyar mataki inda ƙafa ke takawa, su taru a gefe, daidai inda hannu ke kamawa. Ya hure su, ya goga yatsa a wurin ya shinshina.

Ya tambayi Khalida ko bayan ita akwai wanda ya hau tsanin yau. Ta ce babu, ta hana. Ya ce ta miƙo hannunta, ya shinshina, ya ce warin sabulu da roba kawai. Sai ya bayyana mata: ruwan jiya ya wanke tsanin, don haka duk abin da ke jikinsa bayan ruwa ya hau. Kitsen mahauci ƙuda yake kira. Wannan kuwa ƙuli-ƙuli ne da citta da kanumfari da ɗan sukari, irin haɗin da ake tsoma nama a ciki, wanda in ya shiga faratan mutum ko ya wanke hannu ba ya fita.

Ya ciro ƙunshin da ke aljihunsa tun safe ya buɗe, ya miƙa mata tare da yatsansa. Ta shinshina wannan, ta shinshina wancan. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ba zai yiwu ba," ta ce. "Shafi'u ne fa ke riƙe mana tsani."

Gado ya ba ta sandarsa ya kama ƙarfen. Ta roƙe shi kada ya hau saboda gwiwa, ya ce gwiwar ta huta shekaru, yau ta yi aiki. Ya hau yana nishi yana ambaton Allah a kowane mataki, ita tana biye da shi. Daga kan rufin ana ganin filin Shafi'u a ƙasa, daf da katanga. Gadajen shanya na jere, an shimfiɗa asabari a kansu, jan nama na shan rana.

Gado ya ce ta kalli na nesa, ta kalli na kusa. Asabarin da ke gadajen nesa duk sun lotsa a tsakiya saboda nauyin nama, kamar yadda asabari ke yi. Na kusa da katanga kuwa a miƙe suke sumul kamar tebur.

Khalida ta rufe baki da hannu. Ba ta san dariya za ta yi ba ko kuka.

*

Gado ya sa aka kira Halliru a waya, aka aika ɗan kilando ya ɗauko Hajja Shatu. Ya gaya wa Alhaji Abdallah ya zo da dattawan ƙungiya, samari kuma su bar gororinsu a waje. Da aka tambaye shi inda za a zauna, ya ce filin Shafi'u ya fi iska.

Shafi'u ya shimfiɗa tabarmi. Ya ɗora shayi, ya manta bai sa ganye ba.

Da kowa ya zauna, Gado ya fara da Halliru. Ya ce babur ɗinsa ya zo wayam ya koma wayam, laifinsa kawai girman kai, kuma an yi maganinsa. Ya ce kurar Hajja ta zo da nauyi ta koma babu, kuma Alhaji ya fi kowa sanin dalilin da ba za ta so ɗakin ya lalace ba. Alhaji Abdallah ya gyara hula ya ce lallai an yi wata magana. Hajja ta ce an yi ta kuwa. Game da Khalida, Gado ya ce wanda ya kwance farantan ba injiniya ba ne, ɗalibi ne mai lura, wanda ya zauna kwana da kwanaki yana kallon yadda ake ɗaurawa. Ya ce mutumin bai fita ta gaba ba, ta baya ya zuro su da igiya, sa'an nan ya dawo ya share sawunsa, amma ya manta cewa hannu ma yana barin sawu.

Ya miƙe ya nufi gadon shanya na kusa da katanga. Ya ce wa Shafi'u naman nan ya yi kyau, bai taɓa ganin asabari mai ƙarfin baya irin wannan ba. Ya ɗaga sanda ya ɗan ƙwanƙwasa. Maimakon ƙarar kara, sai aka ji ƙarar gilashi.

Khalida ta ce, "A hankali, Baba."

Halliru ya je ya ɗaga gefen asabarin. Baƙin farantin ya yi ƙyalli a rana, an ma shimfiɗa masa tsohon bargo don kada ya karce.

Alhaji Abdallah ya tashi tsaye. Samarin da ke leƙe ta ƙofa suka fara turowa ciki. Gado ya tare su da sanda ya ce an saurari kowa yau, a saurari wannan ma.

Shafi'u bai ɗago ba. Ya ce bai yi niyyar sayarwa ba. Ya so ya sa su a ɗaki, suka fi ƙarfin ƙofarsa, gari kuma na wayewa, shi ya sa ya rufe su da nama. Ya ce tun zamanin mahaifinsa, kullum da yamma naman da ya yi kwantai a kasuwar nan filinsu yake zuwa, don mahauta ba su da inda za su ajiye shi. Da wannan aka ciyar da shi, da shi yake ciyar da 'ya'yansa. Ranar da ɗakin nan ya fara aiki, kowa zai rataye ragowarsa a sanyi ya sayar gobe.

"An yi taro a kan wannan ɗaki ban san iyaka ba," ya ce. "Ni ke kawo shayi. An yi maganar Halliru, an yi maganar Hajja. Ba wanda ya juyo ya ce, Shafi'u, kai fa? Sai na ce in manyan suka zo suka ga ba ya aiki, ƙila su fasa, in mayar da kayan a hankali. Wallahi tunanina bai wuce nan ba. Da na ji ana cewa a je shagon Halliru, tun safe cikina ke murɗawa."

Halliru ya ce da an fasa masa kai, murɗawar cikin Shafi'u ba za ta ɗinke shi ba. Shafi'u ya ce gaskiya ne, ya roƙe shi gafara, ya roƙi Khalida, ya roƙi Hajja. Hajja ta ce ita ta yafe, don yau ta sha hawa babur kyauta, amma tana so dattawan su amsa tambayar mutumin.

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ya ce tsakani da Allah bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Wani ya ce sata dai sata ce. Aka ɗan yi sama, aka sauko. Khalida ce ta raba gardamar. Ta ce ɗakin sanyi zai sa mahauta su riƙa yanka fiye da da, tun da ba sa tsoron asara, kuma kilishin da aka yi da naman safe ya fi na kwantai daraja a manyan shagunan gari da wajen matafiya. Ta ce akwai akwatin busar da nama mai rufin gilashi da ɗan fanka da rana ke juyawa, ba ƙuda, ba ƙura, yana aiki ko da damina lokacin da Shafi'u ke zaman banza. Ita da Halliru za su iya ƙera shi, in ƙungiya ta yarda ta ware masa nama kullum da safe.

Alhaji Abdallah ya daɗe yana huci. Daga ƙarshe ya ce ƙungiya ta yarda, kuma ba za a je komisariya ba. Amma Shafi'u zai mayar da farantan da kansa, gobe da hantsi kasuwa na cike, ta ƙofar gaba, ɗaya bayan ɗaya, a ka. Kuma duk baƙin da za su zo ranar Alhamis shi zai ciyar da su.

Haka aka yi. Ranar Laraba Shafi'u ya yi ta fitowa daga filinsa da faranti a ka, ya zaga ta tsakiyar kasuwa, mata masu kayan miya na yi masa guɗa, mahauta na buga wuƙa a kan teburi suna ba shi kiɗa. A zagayen farko kansa a sunkuye yake gwargwadon yadda farantin ya bari. A na ƙarshe har yana ɗan taka rawa, Khalida na binsa tana roƙonsa ya bari ya sauke tukuna. Halliru ne ya ɗaure ƙusoshin a kan rufi, ita tana nuna masa.

Ranar Alhamis manyan suka zo da motoci. Aka yanka ƙyalle, aka buɗe ƙofa, sanyi ya bugi fuskokin mutane, wani tsohon mahauci ya shiga ya ƙi fitowa sai da aka jawo shi. Babban jami'in ya duba komai, ya yaba tsabtar aikin, ya ce za a zo auna rumfunan kasuwa kafin ruwa ya kankama. Ya tambayi Alhaji Abdallah ko an sami wata matsala. Alhaji ya ce an dai sauke layi guda an goge an mayar.

Ana cikin haka Shafi'u ya zo da tire. Jami'in ya ɗauki yanki ya ci, ya sake ɗauka, ya ce a ƙunsa masa na gida. Da yake mutum ne mai son jin ra'ayin jama'a, sai ya tambayi Shafi'u yadda yake ganin wannan sabon tsari na aiki da hasken rana.

Mahauta suka daina motsi. Malam Gado ya sa kofin shayi a baki ya bar shi a nan.

Shafi'u ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu a gidanmu tun kakana da rana muke aiki. Ku ne baƙi a harkar. Amma sannunku da zuwa."

Jami'in ya ji daɗin amsar ƙwarai, ya ce a ɗauke su hoto tare. Bai gane dalilin da ya sa shayi ya sarƙe wani dattijo a bayansa ba, har sai da Hajja Shatu ta bubbuga masa baya.